Babagana a Raga, Ruwa a Bakin Jinga

Alhamis, bayan la'asar

Wannan littafin na tsara darasi ne, ya yi saura daga zangon da ya wuce. Tunda an mai da makarantarmu masaukin waɗanda ruwa ya kora, babu darasin da zan tsara. Bari in rubuta abin da ke faruwa, ko kaina ya ragu.

Abu biyu ne suka haɗe mana a mako ɗaya. Na farko, Babagana ya sauka lafiya. Ɗana na fari ke nan, mai sunan mahaifina Abdulmannan, shi ya sa nake kiransa yadda ake kira a gidanmu na Barebari. Shekararsa sha shida. Yau yana wata ƙasa a bakin teku, cikin yaran da aka zaɓa su buga wa Najeriya a gasar 'yan ƙasa da shekara sha bakwai ta yammacin Afirka. Shi ne mai tsaron gida. Na rubuta wannan, na sake karantawa, har yanzu ji nake kamar labarin ɗan wata mata daban nake bayarwa.

Na biyu, ruwa. Kogi ya cika ya fantsama fadama. Haɗeja dai jinga ce ke tare mana shi, wannan doguwar ganuwar ƙasar da aka yi a bakin gari. Ƙauyukan da ke wajenta kuwa sai abin da Allah ya yi.

Malam, mahaifin yaran, yana tsakar gida yana gyaran gorar tuƙi. A bakin ruwa Badaru Mai Jirgi suke ce masa, ni Malam nake cewa. Gobe zai fara kwaso mutanen Garin Modu, garin da aka binne cibiyarsa.

Juma'a, hantsi

Ni da ɗiyata Zulfa mun hau jinga. Ta ce sai na gani da idona. 'Yar shekara sha huɗu ce amma ta fi ni ƙarfin zuciya.

Ban san yadda zan rubuta shi ba. Na haifu a garin nan, na ga cikar ruwa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa tsayawa na duba gabas na rasa inda ƙasa ta sake farawa ba. Inda gonar shinkafarmu take ba a ganin komai sai kan wata tsamiya, balbelu sun lulluɓe ta fari fat, ba su da wurin sauka sai nan. Rana na haskawa a kansa har ido ba ya iya tsayawa. Kuma ba ya ƙara. Na zaci zan ji ruri. Tafiya kawai yake yi a hankali, ɗauke da rufin bukka, da ƙwarya, da wata kaza a tsaye a kan dami.

Samari sun yi layi suna cika buhuna da ƙasa. Na yi tasbihi na sauko.

Asabar, bayan magariba

Malam ya dawo jiƙe har wuya. Na zuba masa tuwo da miyar kuka, ya ci har ya kusa cinyewa.

Na ce, "Sawu nawa yau?"

Ya ce, "Biyar. Saura tsofaffi da masu taurin kai."

"Gobe wasan yaronka, ƙarfe huɗu."

"Falmata, ni za a tuna wa? Sawu biyu zan yi. Kafin a busa usur ina tsakar makarantarku."

Ya ce in nemo masa leda mai kauri ya ɗaure wayarsa a wuya, ko da rana ta yi masa a hanya ya ji a rediyon waya. Na ba shi ledar da nake ajiye takardun yara.

Shi ne ya yi ta kai yaron nan ƙauyuka a jirgi, duk inda aka ce akwai wasa. Ni ban taɓa hanawa ba, ban kuma taɓa zuwa ba. Kayan da ya ɓata da taɓo kawai na sani.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yanzu muka dawo daga kallon wasa.

Hedimasta, Malam Nu'uman, ya kawo talabijin daga gidansa da ƙaramin janareta, aka ɗora a kan teburi a gindin darbejiya. Maza a gaba, mu mata a tabarmi ta gefe. Mutanen da jiya suka baro gidajensu a ruwa, yau ga su sun zauna sun zuba ido.

Da aka sa taken ƙasa, hoto ya riƙa bin fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi. Ya sa hannu a ƙirji, leɓensa na motsi, tabon nan na goshinsa da ya samu a bakin rijiya yana ɗan shekara huɗu ya fito raɗau. Aka rubuta sunan mahaifina a ƙasan hoton. Mahaifina da ya rasu bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba.

Wata tsohuwa daga Garin Modu, Iya Saude, ta zunguri ƙafata ta ce, "Malama, wanne ne namu?"

Na ce, "Mai rigar ruwan ɗorawa, wanda ke tsaye can."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To me ya yi musu aka bar shi shi kaɗai a baya?"

Ban san haka yake ba. A gida yaro ne mai nauyin jiki, sai an kira shi sau uku. A can kuwa shi ke nuna wa manyansa inda za su tsaya. Bayan hutun rabin lokaci wani ɗan Togo ya ɗirka ƙwallo daga nesa, ta nufi can saman kusurwa, maza duk suka dafe kai. Sai na ga ɗana ya bar ƙasa. Ya miƙe a iska kamar an shimfiɗa shi, ya taɓa ta da yatsu, ta haura. Aka maimaita hoton a hankali. Na ga ƙafafunsa biyu ba sa taɓa komai. Ni na goya wannan jikin.

Mun ci ɗaya da nema.

Na yi ta waigawa bakin ƙofar makaranta. Wataƙila Malam ya tsaya a gidan kallo na bakin kasuwa. Na rufe masa tuwonsa.

Litinin, bayan asuba

Tuwon na nan a rufe.

Litinin, la'asar

Yaya Yunusa, wan Malam, ya zo. Bai shigo ɗaki ba, daga bakin labule ya tsaya. Ya ce an ga jirgin jiya wajen azahar ya sauke mutane a tudun bakin titi, ya juya. Ya ce sabis babu a can, kuma mai yiwuwa ya kwana a kan tudun masallacin Garin Modu. Ya ɗauki masunta uku sun tafi.

Na share tsakar gida sau biyu. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Talata, azahar

Babagana ya kira. Ashe karɓe musu wayoyi ake yi, sai bayan wasa a ba su ta wani jami'i su gai da gida na minti biyar. Na gode wa Allah da wannan dokar.

Ya ce, "Umma, na ga teku. An kai mu da safe. Ruwa ne babu ƙarshe, in kin tsaya sai ki ji kin zama ƙwayar gero."

Na ce masa na gane abin da yake nufi.

"Kun kalla?"

"Mun kalla. Har da tsofaffi."

"Baba fa? Me ya ce kan wadda na ture?"

Na ce, "Yana wajen Garin Modu, ka san aikin ruwa. Sabis babu."

Ya yi dariya ya ce ai ya sani, Baba ba zai zauna ba. Ya ce in gaya masa ya gyara tsayuwar da yake masa faɗa a kai.

Ban yi ƙarya ba. Na duba maganata kalma kalma, babu ƙarya a ciki.

Yayata, Ya Fanna, ta iso daga Kafin Hausa da ƙullin kayanta. Ban aika mata ba. Ban tambaye ta wanda ya aika ba.

Laraba, bayan magariba

Ban so zuwa kallon wasa na biyu ba, matan makaranta suka aiko har sau biyu. Suka ce idan uwar gola ba ta zauna ba, ba za a kunna ba.

Da Nijar aka buga. Rabin mutanen da ke tabarmar nan suna da dangi a can, Ya Fanna ma mijinta na farko mutumin Diffa ne. Iya Saude ta ce ita ba ta ga wanda za ta yi wa baƙin ciki ba, duk fuskokin jikokinta ne. Aka tashi canjaras, babu ci. Sau huɗu Babagana yana karɓe ƙwallo daga ƙafar mutum. Sau ɗaya aka taka masa hannu, ya kwanta, na tashi tsaye ban sani ba. Yaron da ya taka shi ne ya durƙusa ya ɗaga shi.

Na lura yau ba wanda ya tambaye ni Malam. Ranar Litinin kowa tambaya yake. Yau sai gaisuwa mai tsawo, da sunkuyar da kai.

Na rufe masa tuwonsa.

Alhamis, hantsi

An samu jirgin a cikin kachala, wannan doguwar ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa. Yaya Yunusa ne ya faɗa daga bakin labule.

Zulfa ta ce, "Baffa, a tsaye ko a kife?"

Na fita bayan gida kafin ya amsa.

Juma'a, la'asar

Ruwa bai ja ba.

Asabar, bayan magariba

Yau na ga abin da zan ba jikoki labari, in Allah ya nuna min su.

Wajen ƙarfe uku aka yi shela a lasifikar masallatai cewa jinga ta tsage ta wajen arewa, duk mai ƙarfi ya fito. Ban taɓa ganin Haɗeja haka ba. 'Yan kasuwa suka bar rumfuna a buɗe. Masu shinkafa suka zazzage buhunansu a ƙasa don a samu na cikawa da ƙasa. Na ga limamin unguwarmu ya naɗe riga a ƙugu, taɓo har gemu. Mazan da ke makarantarmu, waɗanda ba su da sauran abin da ruwa zai ci musu, su ne a gaba, cikin ruwa har ƙirji, sun haɗa kafaɗa sun tare ɓarakar da jikinsu har aka jera buhuna a bayansu. Layin miƙa buhu ya taso tun daga bakin titi, hannu zuwa hannu, ba ka jin komai sai salati da numfashi.

Mu mata muka yi ta jigilar kunu da ruwan sha. Na yi murna da na samu abin ɗauka.

Ana cikin haka ashe ana buga wasa na uku. Talabijin na gindin darbejiya yana ta yi, ba kowa a gabansa sai Iya Saude da wasu tsofaffi biyu da ba sa iya tafiya. Da muka dawo ta ce, "Namu dai bai bari ta shiga ba. Can ɗaya gidan ta shiga sau biyu." Haka muka ji mun ci Benin, mun kai wasan kusa da na ƙarshe.

Jinga ta tsaya.

Na ce a raina, da yana nan da shi ne a tsakiyar masu kafaɗar nan. Sai na kama kaina na ce "da".

Lahadi, bayan azahar

Masunta masu hawa gora, wannan babban duman da suke yawo a kansa a ruwa, su ne suka zo da labari da hantsi: an same shi.

Maza sun tafi, sun dawo. An ce sahu ya kai har bakin titi.

Ban gan shi ba. Yaya Yunusa ya ce ya fi min. Ya miƙo min ledar ta ƙarƙashin labule, har yanzu a ɗaure, irin ɗaurinsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, hantsi

Ya Fanna ta cire min 'yan kunne da awarwaro, ta ƙulle a gefen zaninta. Ta shimfiɗa min tabarma a ƙuryar ɗaki. Wata huɗu da kwana goma.

Da rana na tashi zan rufe tuwo. Ya Fanna ta riƙe min hannu.

Yaya Yunusa ya tara maza a zaure. Sun yanke kada a gaya wa yaro sai an gama gasa. Ya kira jami'in da ke ba su waya ya roƙe shi, ya ce ya amince. Ba a tambaye ni ba.

Talata, bayan magariba

Sadakar uku, kuma yau ne wasan kusa da na ƙarshe, da Burkina.

Ɗaki cike da mata, kowa da carbi. Zulfa ta sulale ɗakin baya da waya, na gan ta, na yi kamar ban gani ba. Ni ba inda zan je, sai na ji wasan ɗana ta bakin gari.

Ban san gari na numfashi ba sai yau. Ya yi tsit kamar babu kowa. Sai a ji "haa" daga nesa, daga gidajen kallo da shaguna da makarantarmu, duk a lokaci ɗaya, sai ya sake lafawa. Aka daɗe. Rana ta yi ja. Zulfa ta leƙo ta ce a hankali, "Umma, ɗaya da ɗaya. Za a yi bugun daga kai sai mai tsaron gida." Ta koma.

Daga kai sai shi. Na ajiye carbi na kasa ja.

Ihu na farko gajere ne. Na biyu ma. Sai shiru mai tsawo, har na ji kukan tsattsewa a saman zaure. Sannan garin ya fashe. Ban taɓa jin irin wannan ƙarar ba, sai da kwanukan jere suka amsa. Cikinta ina jin sunan mahaifina, yara na gudu a lungu suna kiransa, har suka iso ƙofar gidanmu suka ga tabarmin zaman makoki, suka yi shiru lokaci ɗaya.

Matan ɗaki kowa ta sunkuyar da kai. Ba wadda ta san fuskar da za ta yi. Ya Fanna ce ta ce, "Alhamdulillahi," sai duk aka amsa, wasu na kuka.

Biyu Babagana ya kaɗe, mun kai wasan ƙarshe.

Da ya kira muryarsa ta dushe. Ya ce, "Ba ni Baba."

Na ce, "Ba ya nan."

"Har yanzu?"

Na miƙa wa Zulfa wayar. Ta yi masa surutun ƙwallo har minti biyar ɗin suka cika, hawaye na zuba a kan zaninta, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Laraba, la'asar

Mutanen Garin Modu sun zo gaisuwa, ƙungiya guda, Iya Saude a gaba. Suka cika tsakar gida. Kowa da abin da zai faɗa, ni kuma ina sauraro kamar labarin wani mutum da ban sani ba. Shekara goma sha takwas ina zuba masa abinci.

Wani ya ce a bayansa ya goyo mahaifinsa makaho daga ɗaki zuwa jirgi. Wata ta ce ta ƙi shiga sai da akuyarta, ya ce to akuya ta shiga, ita ta biyo akuya. Duk wanda ya ɗauka sai ya gaya masa, "Yau ɗana zai tsare wa Najeriya gida." Iya Saude ta ce har ta gaji da ji.

Sai wata yarinya mai jego ta matso. Ta ce ita ce sawun ƙarshe na ranar Lahadin nan. Naƙuda ta kama ta a cikin jirgi. Ya sauke ta a tudun bakin titi, ya duba rana, ya ce lokacin wasa ya kusa, amma bari ya koma ya ɗauko mata uwarta, ba za ta haihu cikin baƙi ba. Uwar kuwa, wani jirgin ne ya kawo ta washegari. Uwar ta ce ba ta gan shi ba sam.

Abin da ya faru tsakanin tudun da garin, kowa da nasa. Wasu sun ce kututture, wasu sun ce katanga ce ta faɗo. Ban tambaya ba.

Ta ɗora min jaririn a cinya. Ta ce, "Ranar Lahadi da safe aka raɗa masa suna, sunan mai jirgi. Ba mu ji labari ba sai da azahar."

Na riƙe shi. Ba zan iya kiran sunansa ba, sai na ce masa, "Sannu, Malam."

Alhamis, hantsi

Na aika Zulfa ta kira min Yaya Yunusa. Ya tsaya a inda ya saba.

Na ce, "Yaya, gobe zai kira. Jajibirin wasan ƙarshe ne, an ce za a ba su waya."

"Ki ce yana ƙauye. Kwana biyu ne ya rage, Falmata."

"Da yana ƙauye na faɗa. Yanzu ba ya ƙauye."

Ya ce, "Ƙanena ya kashe ƙarfinsa a kan yaron nan ya kai wannan ranar. Masu neman 'yan wasa daga waje suna can suna kallo. In hankalinsa ya tashi ya zubar, wa ya ci riba? Ba ɓoyewa muke ba, jinkirtawa muke."

Na ce, "Duk Haɗeja ta san babansa ya rasu. Yara a lungu sun sani. Shi kaɗai ne bai yi masa addu'a ba."

Yau ne na fara faɗin kalmar.

Ya ce, "Ni dai na faɗi nawa." Na ji takalminsa ya daɗe a bakin labule kafin ya tafi. Gaskiyarsa nake gani, shi ya sa abin ya yi min nauyi.

Juma'a, bayan la'asar

Na yi niyyar in bi maganar Yaya. Wallahi da niyyar na ɗauki wayar.

Babagana bai gaishe ni kamar kullum ba. Ya ce, "Umma, Baba bai taɓa yin kwana biyu bai neme ni ba. Ko da nake sansanin Abuja sai ya hau bishiya ya nemi sabis. Yau kwana goma sha biyu. Kuma jami'in nan ya daina kallon idona. Ki faɗa min."

Na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba.

Na ji numfashinsa. Na ji ya yi istirja'i, sau uku, a hankali.

Ya ce, "Yaushe?"

"Ranar wasanku na farko ya fita. Ranar Lahadin da ta wuce aka same shi."

"An yi masa sallah?"

"An yi. Sahu har bakin titi."

"Bai ga ko ɗaya ba ke nan."

Na ce bai gani ba. Na gaya masa abin da yake faɗa wa duk wanda ya shiga jirgin. Nan ne ya yi kuka, irin kukan da yake yi yana ƙarami, mai shiƙewa. Jami'in bai karɓi wayar ba, minti biyar suka zama ashirin.

Ya ce, "In taho?"

Na ce, "Ba ni zan faɗa maka ba, Babagana. Ka taho, ɗana ne. Ka tsaya, ɗana ne."

Asabar, bayan magariba

Ya tsaya. Zulfa ta ce dukansu sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu.

Yau ma ta bakin gari na ji. Minti goma da farawa aka yi wani nishi mai tsawo, daga nan babu ihu har aka tashi. Ghana ta ci ɗaya da nema. Zulfa ta ce ƙwallon ba ta da wani ƙarfi, ta ƙarƙashin hannunsa ta bi. Ta ce bayan ita ya ture guda shida, har mai sharhi ya rasa abin faɗa, kuma shi aka ba kyautar gola mafi kyau. Ya karɓa bai ɗaga ta sama ba.

Amma waccan ɗin ta riga ta shiga.

Lahadi, hantsi

Yaya Yunusa bai zo ba. Ya aiko da kifi.

Ni na saka ƙwallon nan a ragarsa?

Laraba, bayan la'asar

Babagana ya iso da azahar. Samari sun je tarbarsa da babura, ya roƙe su kada a yi ham. Makabarta ya fara zuwa, shi da baffansa. Sannan ya shigo ya durƙusa a bakin tabarmata. Ya ƙara tsawo, ko kuma ni ce na zauna ƙasa.

Muka yi gaisuwa. Sai na tambaye shi abin da ke cina tun Asabar.

Ya ce, "Na gan ta tun daga ƙafarsa. Hannuna ne bai tashi ba." Ya ƙara da cewa, "Ban sani ba, Umma. Mai yiwuwa da na kama. Mai yiwuwa kuma a'a. Amma bari in gaya miki abin da aka yi ranar Juma'a."

Ya ce da ya ajiye waya, koci ya tara yara ya sanar da su. Akwai wani malami cikin masu kula da su, ya ce a yi wa mamaci saukar Alƙur'ani. Suka ƙirga, musulmin cikinsu su tara ne, izu sittin ya yi musu yawa kafin lokacin kwanciyar da aka ɗibar musu. Suka dai zauna a farfajiyar masauki suka fara.

A masauki ɗaya aka sauke duk ƙasashen. Yaran Nijar da aka riga aka fitar, suna jiran motarsu ta gobe, suka hango daga bene. Suka sauko da alwalarsu, wanda ya taka masa hannu ne a gaba. Sai na Burkina, waɗanda ya kaɗe wa ƙwallo biyu ya kore su gida. Sai wasu uku daga cikin 'yan Ghana, da gobe za su kara. Ba mai jin yaren wani. Malamin yana nuna lambar izu da yatsu, kowa ya buɗe inda aka ba shi. Kiristocin cikinsu suka zauna a baya suka sunkuyar da kai, ba wanda ya tashi. Kafin isha aka sauke.

Ya ce, "Da aka zo addu'a malamin ya ce in faɗi sunansa da ƙarfi. Na faɗa. Sai na ji suna ta maimaitawa, kowa da yadda harshensa ya iya. Teku na bayanmu yana ta bugawa."

Ya ce, "Da kin bari sai Lahadi, da duk sun watse."

Malam, mutumin da iyakarsa Nguru a jirgi, ga sunansa har bakin teku. Na ɗaga kai na ga ƙafafun Yaya Yunusa a ƙarƙashin labule, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Na ji ya ja hanci, ya ce, "Zulfa, a kawo wa yaron nan abinci."

Alhamis, bayan asuba

Ruwa ya fara ja. An ce bakin rijiyar Garin Modu ya fito.

Babagana ya tambayi baffansa inda aka ɗaure jirgin. Mutanen makaranta suna son komawa su ga abin da ya rage musu, kuma jiragen ba su isa ba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da gorar tuƙi a hannu, yana jiran abin da zan ce.

Na daɗe ina kallonsa.

Na ce ya karya kumallo tukuna.